Inji Ya Karɓe Taɓarya: Wa Zai Biya Albashin Kowa-da-Kowa a Katsina?

Gwaggona ta yi sama da shekara talatin tana surfen kuɗi a wani lungu da ke bayan Ƙofar Durɓi. Tun da assalatu yara ke kawo mata gero da dawa a ƙwarya. Ta yayyafa ruwa, ta surfa, ta bakace, ta wanke, a biya ta ladanta, dusar kuma tata ce. Da dusar nan ta kiwata awaki, da awakin ta yi wa 'ya'yanta mata uku kayan ɗaki. Ranar da aka kafa injin surfe a bakin titi babu wanda ya miƙa mata takardar sallama. Ƙoren da ke shigowa gidan ne suka riƙa raguwa, yau biyar, gobe biyu, har aka wayi gari turmin na kife a gindin bedi ya tsage. Na taɓa tambayarta ko tana jin haushin injin. Ta ce, "Ɗan nan, ni ba inji nike jin haushi ba, ko ni ƙirjina ya huta. Dusar nan da ta daina shigowa gidana ita ta dame ni."

Ita nake tunawa duk lokacin da na ji ana muhawarar da ta cika duniya yanzu, wato idan na'urori da ƙirƙirarriyar basira suka karɓe ayyukan mutane, gwamnati ta riƙa biyan kowane ɗan ƙasa wani kuɗi duk wata don ya samu abin sawa a baka. Bari in kira shi albashin kowa-da-kowa. Abin da ya raba shi da tallafin da muka saba gani shi ne, kuɗi ne ba buhun shinkafa ba, kowane mutum ake ba a hannunsa ba maigida kaɗai ba, yana zuwa a kan kari, kuma ba a tambayar ko kana da aiki, ko kai talaka ne, ko wa ka zaɓa. Attajiri ma zai karɓa, sai dai haraji ya ƙwato nasa daga baya har da ƙari.

Shawarar ta daɗe. Marubuci Thomas Paine, haifaffen Ingila, ya kawo makamanciyarta tun 1797, bisa hujjar cewa ƙasa gadon kowa ce, wanda ya killace ta yana da bashin sauran mutane a wuyansa. Abin da ya farfaɗo da ita a zamaninmu tsoro ne. A 2013 wasu masana biyu na Jami'ar Oxford, Frey da Osborne, suka ƙiyasta cewa kashi 47 cikin 100 na ayyukan Amurka na cikin haɗarin komawa hannun na'ura. Andrew Yang ya nemi takarar shugabancin Amurka a zaɓen 2020 da alƙawarin dala 1,000 ga kowane baligi duk wata. Da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, sai tsoron ya tashi daga ma'aikacin masana'anta ya kama mai zama a ofis, mai rubutu, mai fassara da mai lissafi.

Za ka ji wasu na cewa wannan damuwar Turawa ce, mu da ko wutar lantarki ba ta ishe mu ba, ina mu ina mutum-mutumi. Ban yarda ba. Inji ya daɗe yana cin aiki a Katsina, sai dai yana ci ne ba tare da ƙara ba. A Turai in kamfani ya sallami mutum dubu biyar, jarida za ta buga, ƙungiyar ƙwadago ta fito. A nan, bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki ba su da takardar ɗaukar aiki kwata-kwata, don haka ba a korar su. Ciniki ne ke janyewa. Matan da ke zuwa sussuka da kaka su dawo da rabonsu na hatsi, injin sussuka ya rage su. Samarin da ke fita ƙodago da damina, maganin feshi ya ɗauke musu noman farko a gonaki da yawa. Masu sayar da katin waya a ƙarƙashin lema sun watse tun da aka koma sayen kati ta banki. Yaran da ke buga wa ɗalibai takardu a kusa da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa sun fara ganin ɗalibi na yin komai a wayarsa, bugawa a takarda kawai ke kawo shi.

Wanda ya fi tsaya mani a rai shi ne aikin hannu na babbar riga. Na san wani dattijo da ke zama a zaurensa kan buzu, da allura da zare, yana fitar da aska takwas. Riga ɗaya kan ɗauke shi watanni, kuma almajiran sana'a huɗu ne ke kewaye da shi. Yanzu akwai injin da ake saka wa zane a kwamfuta, ya fitar da irin aikin cikin sa'o'i. Mai ido yana bambancewa, amma mai ido da kuɗin aikin hannu su nawa ne? Almajiran nan huɗu, biyu sun koma achaɓa, ɗaya ya tafi Abuja gadi, ɗaya ne ya rage.

Akwai kuma wanda ya fi wannan girma. Audugar Funtuwa da Malumfashi da Bakori a da masaƙun Kaduna da Kano take ciyarwa. Masaƙar UNTL ta Kaduna ta rufe a 2007, wasu sun riga ta, wasu sun bi ta. Rashin wuta da fasa-ƙwauri na cikin dalilai, amma a ƙarƙashinsu akwai injinan ƙasar Sin da ke fitar da atamfa da shadda a farashin da namu ba za su iya ba. Injin yana can, aikin da ya ci yana nan.

Gaskiya ne na'ura ta kawo nata ayyukan. Masu POS sun cika kowace kwana, ga masu gyaran waya da masu caji da masu haɗa sola. Amma sabon aikin ba ya komawa hannun wanda ya rasa tsohon. Gwaggona ba za ta buɗe shagon POS ba.

To daga nan ne lissafin masu wannan shawara ke karyewa a wurinmu. Hujjarsu mai sauƙi ce: inji ya ƙara wa mai shi riba, ya rage wa ma'aikaci albashi, sai gwamnati ta ɗebi haraji daga ribar ta mayar wa jama'a. Wannan yana yiwuwa ne idan mai injin da wanda injin ya kora suna ƙarƙashin gwamnati ɗaya. Kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna Amurka da Sin. Masu ƙera injin ɗinki da na sussuka da maganin feshi galibi suna Sin da Indiya. Mai injin niƙan unguwarmu kuwa, shi ma man dizal ya sha masa kai, babu wata riba da za a tatsa a jikinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kuma gardin ba ya ƙasar nan balle a bi shi.

Mu ɗauki alƙalami. A ce mu miliyan 220 ne, a ce kuma za a ba kowa naira 10,000 kacal a wata, kuɗin da yake kashi ɗaya cikin bakwai kacal na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Wannan naira tiriliyan 2.2 ke nan a wata, tiriliyan 26.4 a shekara. Kasafin kuɗin gwamnatin tarayya na 2025 gaba ɗayansa bai cika tiriliyan 55 ba, kuma kaso mai tsoka na biyan bashi ne. Ke nan kusan rabin kasafin zai tafi don a ba kowa abin da ba zai riƙe shi mako guda ba. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Finland da ta gwada abin tana tara harajin da ya haura kashi 40 cikin 100 na arzikin da take samarwa a shekara, namu bai fi kashi 10 da 'yan kai ba. Hatta Suwizalan mai arziki, da aka kai maganar ƙuri'ar raba gardama a 2016, kusan kashi 77 cikin 100 suka ce a'a.

Sukar da aka fi yi wa shawarar a majalisun hira ita ce za ta haifar da cima-zaune. A nan kam gwaje-gwaje sun ba da amsa, kuma ba ta goyi bayan masu sukar ba sosai. Finland ta ba marasa aiki 2,000 yuro 560 a wata a 2017 da 2018 ba tare da sharaɗi ba. Ba su daina neman aiki ba, har sun ɗan fi sauran yin aiki, kuma sun fi samun kwanciyar hankali. A Amurka, wani gwaji da Sam Altman, shugaban kamfanin da ya ƙirƙiro ChatGPT, ya taimaka da kuɗinsa ya ba mutum 1,000 dala 1,000 a wata har shekara uku, sakamakon da ya fito a 2024 ya nuna sun rage aiki da sa'a ɗaya da 'yan mintuna a mako. An rage ɗin, amma ba a kwanta ba.

Gwajin da ya fi kama da rayuwarmu shi ne na Kenya, wanda ƙungiyar GiveDirectly ta fara a ƙauyuka kusan 200. Ta kasa su uku. Wasu za su riƙa karɓar kimanin dala 22 a wata har shekara 12, wasu shekara biyu kawai, wasu kuma aka dunƙule musu kusan dala 500 lokaci guda. Sakamakon farko da aka fitar a 2023 ya nuna mutane ba su bar aiki ba, sun dai bar ƙodago a gonar wani sun koma sana'ar kansu. Waɗanda aka dunƙule wa sun fi na shekara biyu kafa sana'a, na shekara 12 kuma da yawansu sai suka shiga adashi don su mayar da ƙananan kuɗin jari. Duk macen Katsina da ta taɓa jiran kwasar adashinta don ta sayi keken ɗinki ta san wannan tun kafin masana su rubuta.

Darasin da ya fi tsorata ni daga Iran ya fito. A Disambar 2010 gwamnatin Ahmadinejad ta janye tallafin mai da na burodi, ta koma ba kusan kowane ɗan ƙasa riyal 455,000 a wata, kimanin dala 45 a lokacin. Ƙasashe kaɗan ne suka kusanci albashin kowa-da-kowa kamar haka. Amma adadin ya tsaya cak shekara da shekaru farashi na gudu, har bayan shekara goma bai kai dala biyar ba. Mu ma mun ga irinsa. Naira 5,000 da gwamnatin Buhari ta fara ba gidajen talakawa ta kai kusan dala 16 a farkon shirin, zuwa 2024 ta koma dala uku da ɗoriya. Kuɗin da ba a ɗaure shi da farashin tiya ba, iska ce ke cinye shi.

Jihar Alaska ta Amurka kuma ta nuna inda kuɗin kan fito idan ba daga haraji ba. Ta kafa asusu da kuɗin mai a 1976, tun 1982 take raba wa kowane mazauni, har jariri, wani kaso na ribar duk shekara, asusun kuma ya kai wajen dala biliyan 80. Sai dai mutanen Alaska ba su kai miliyan ɗaya ba, Jihar Katsina kaɗai ta kai miliyan 5.8 tun a ƙidayar 2006. Mu ma mun taɓa yin asusun rarar mai, wanda ya kai kusan dala biliyan 20 a zamanin Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa. An yi ta yagarsa har ya koma bai kai dala miliyan ɗaya ba.

Da wannan duka, me ya sa ban yar da shawarar ba? Saboda kalmar "kowa" da ke cikinta. Cutar da ta fi kashe tallafi a ƙasar nan ita ce jerin sunaye.

Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta haura 1,000. Gwamnati ta yi alƙawarin naira 25,000 a wata har wata uku ga gidaje miliyan 15. A Janairun 2024 aka dakatar da ministar da ke kula da shirin kan zargin karkatar da kuɗi, shirin ma ya tsaya na wani lokaci. Wannan a sama ke nan. A ƙasa kuwa, na raka gwaggona wata makarantar firamare inda aka ce ana ɗaukar sunayen mabuƙata. Tun hantsi muke tsaye a rana, tana riƙe da takardar lambar zama ɗan ƙasa a cikin leda, ta ƙulle a gefen mayafi. Wajen la'asar wani saurayi ya fito da takarda ya karanto sunaye. Na ji sunayen mutanen da na san suna da shaguna a kasuwa. Ban ji nata ba. Ta matsa ta ce, "Yaro, duba mani da kyau." Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, ba mu muka rubuta ba, haka aka kawo mana." Na yarda da shi, kuma abin da ya fi ciwo ke nan, babu wanda za ka kama.

Duk shirin da aka ce na "talakan talakawa" ne, dole wani ya zauna ya tantance waye talaka. A jihar da mafi yawan mutane hannu baka hannu ƙwarya suke, bambancin wanda ya cancanta da wanda bai cancanta ba siriri ne kamar zare, don haka alƙalamin mai rubutu ne ke yanke hukunci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan aka ce kowa, babu ɗan mowa babu ɗan bora, mai rubutun ya rasa abin sayarwa, mai karɓa kuma ba ya buƙatar durƙusa wa kowa. Wanda aka tsallake ya san an zalunce shi, maƙwabta ma sun sani, domin ƙa'idar a fili take.

Ba sai mun je Turai neman wannan hikima ba. Malaman tarihi sun ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya kafa diwani, wato rajistar sunaye, yana ba mutane rabo daga baitulmali, amma yaro ba ya shiga sai an yaye shi. Wani dare yana gadin wani ayari ya ji jariri na ta kuka. Da ya bincika sai uwar ta shaida masa, ba tare da ta san ko waye ba, cewa yaye take masa da wuri don ya shiga rabon. Da gari ya waye ya sa aka yi shela cewa kada a gaggauta yaye, duk abin da aka haifa yana da rabonsa. Ya ga sharaɗin da ya gindaya yana cutar da waɗanda ake son taimaka wa, sai ya cire sharaɗin.

Abin da nake ganin zai yiwu a Katsina shi ne a taƙaita rukunin, amma a cikin rukunin a ba kowa. A fara da tsofaffi. Lesotho, ƙasar da ba ta da mai, tana biyan duk wanda ya kai shekara 70 fansho tun 2004. Zanzibar ta ƙasar Tanzaniya ta fara nata a 2016, ita ma daga shekara 70. A ƙiyasina, a ce akwai mutum 300,000 da suka kai 65 a jihar nan, a ba kowannensu naira 10,000 a wata, naira biliyan 36 ke nan a shekara, a jihar da kasafinta na 2025 ya haura biliyan 600, kuma rabon da jihohi ke samu daga asusun tarayya ya ƙaru tun bayan cire tallafin mai. Kuɗi ne masu yawa, dole a fasa wani abu don a yi shi, amma ba mafarki ba ne. Za a ce yawancin tsofaffinmu ba su da takardar haihuwa. Haka ne. Amma ƙaryar shekaru a gaban mai unguwa da liman da sa'o'in mutum ta fi ƙaryar talauci wuya. A gari an san wanda ya yi wayo kafin a ba da mulkin kai.

Na san wannan bai amsa kukan saurayin da injin ɗinki ya kora ba, sai ta bayan gida. Kuɗin tsohuwa ba ya zuwa Dubai, a unguwa yake ƙarewa, wurin mai koko da mai itace da tela da kuɗin makarantar jika, kuma yana sauke wa ɗanta wani nauyi. Shi saurayin, abin da Kenya ta nuna shi ne dunƙulallen jari ya fi masa amfani a kan 'yan canji duk wata. Da matan lungunmu goma da ke surfe sun samu jari a lokacin, su ne da sun mallaki injin da ke bakin titi, dusar ta ci gaba da shiga gidajensu. Inda ba za ka iya karɓar haraji daga mai inji ba, abin da ya rage shi ne mutanenka su zama masu injin, ko da ƙananan ne.

Akwai sharuɗɗa biyu da in babu su gara kada a fara. Na farko, doka ce za ta kafa shi a Majalisar Dokokin jiha, da bayanin inda kuɗin zai fito, da tilasta sake duba adadin duk shekara bisa farashin gero da masara, don kada ya bi sahun na Iran ko ya mutu da gwamnatin da ta kawo shi. Na biyu ya fi wuya. Kuɗi ba ya haifar da hatsi. Idan manoman Batsari da Safana da Ƙanƙara da Faskari ba su iya shiga gonakinsu saboda 'yan bindiga, ƙarin kuɗi a hannun mutane zai bi tiyar da ba ta ƙaru ba ne, 'yan kasuwa su ɗaga farashi. Hanyar biyan ma tana rataye da tsaro. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro, kuma a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, mun ga mutum da kuɗi a asusu yana kwana da yunwa don babu takardar naira. Tsohon da ke wani ƙauye a Sabuwa, in an tura masa kuɗi ta waya, sai ya samu sabis, ya samu mai POS da ke da tsabar kuɗi, ya biya ladan cirewa, ya kuma dawo gida lafiya da abin a aljihu. Duk wanda zai tsara shirin ya fara da wannan tafiyar, ya lissafa nawa ne cikin dubu goman ke isa gida.